Wane kayak zan saya don kamun kifi a ruwan gishiri?

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar ruwa. Shekarata uku a Houston ta jihar Texas a Amurka, kuma kusan duk Asabar sai na tafi Galveston na jefa fatsa daga kan duwatsun bakin teku. Ina tsaye a kan dutse ina kallon masu ƙananan jiragen nan na roba da ake kira kayak suna kutsawa cikin lungunan ciyawa inda ƙafa ba ta kaiwa, kafin azahar su fito da jan kifi biyu ko uku, ni kuwa in koma gida da 'yan ƙananan tarwaɗar teku. To na yanke shawarar saya, na tara dala 1,500. Jiya na leƙa wani shago, mai shagon ya nuna mini wani ƙato mai kujera kamar ta ofis, ya ce har miƙewa tsaye zan iya yi a kansa. Gaskiya ya shiga raina, amma kuɗinsa ya ninka abin da ke hannuna sau uku. In ƙara haƙuri in tara ne, ko akwai na daidai ƙarfina da zai yi aikin?

Injiniya:
Wa alaikumus salam Baban Hanifa. Kafin a ambaci sunan kowane jirgi, ka ba ni amsar waɗannan. Nauyinka nawa? Wace mota kake hawa? Gida kake ko bene, wato ina za ka ajiye shi? Ka iya ruwa? Sannan cikin tafkin baya kake son shiga, ko gaban teku inda igiyar ruwa ke karyewa?

Baban Hanifa:
Kilo 95 nake. Motata Camry ce. Haya nake a hawa na biyu, ba gareji. Ruwa kuwa, ina iya ɗan motsawa a wurin wanka na unguwa, amma ba zan ce na iya ba. Cikin ciyawar nan ta bayan tsibirin nake so, ba ruwana da gaban teku.

Injiniya:
To ka cire ƙaton nan daga ranka, ko da kyauta aka ba ka. Irin su Hobie Pro Angler 14 jirage ne masu kyau, ba wanda zai musa, amma da kayansa ya haura kilo 60. Wa zai ɗora maka shi a kan Camry da asuba? Wa zai sauke maka da rana bayan ka gaji? Masu shi yawanci a-kori-kura gare su ko tirela. Na ga mutane da dama sun saya da ɗoki, sun fita sau huɗu, ya koma jingine a bayan gida yana shan rana. Jirgin da za ka iya ɗagawa kai kaɗai shi ne wanda za ka riƙa fita da shi.

Abu na biyu, kayak iri biyu ne. Akwai wanda ake shiga cikinsa, ƙafafuwa suna ciki kamar mutum ya zura su a buhu. Shi ne na asali, wanda mutanen Inuit na can ƙasashen ƙanƙara suke yi da fatar dabbar ruwa don farauta. Akwai kuma wanda ake zama a bisansa, rufaffe ne ruf, da ramuka da suka ratsa daga sama zuwa ƙasa, ruwan da ya faɗo sai ya zurare da kansa. Don kamun kifi a ruwan gishiri, na bisa za ka saya. Wannan ba na jayayya a kansa, don na ɗanɗana.

Jirgina na farko na ciki ne, ƙafa 10, na saye shi a wani babban kanti saboda araha. Wata Asabar a watan Agusta ina cikin West Bay, wato tafkin bayan tsibirin Galveston, wani jirgi mai inji ya wuce da gudu, igiyarsa ta farko ta cika mini cinya, ta biyu ta kifar da ni. Allah ya sa ruwan iya ƙirji ne. Amma jirgin ya cika maƙil, na kasa juya shi, na kasa kwashe ruwan, haka na ja shi da ƙafa kusan rabin awa a kan tudun ƙumba, irin wadda Turawa ke ci ɗanya. Silifas ne a ƙafata, guda ya tafi. Da na fito tafin ƙafata kamar an tsattsaga da reza. Da na bisa ne, juya shi kawai zan yi in haye.

Maman Yusra:
Injiniya, Allah ya tsare ka ranar nan fiye da yadda kake zato. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma abin da ya fi ba ni tsoro a labarinka yankan ƙafar ne a watan Agusta. A ruwan gishiri mai ɗumi na wannan yankin akwai ƙwayar cuta da ake kira Vibrio vulnificus, tana shiga ta rauni, kuma tana cin nama da sauri. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce kusan mutum 1 cikin 5 da suka kamu da ita suna rasuwa. Masu ciwon suga da masu ciwon hanta su ne kan gaba. Baban Hanifa, ka sa takalmin ruwa mai tauri cikin lissafinka tun yanzu. In ka yanke, ka wanke da sabulu da ruwa mai tsafta nan take. In wurin ya fara ja, yana kumbura, yana zafi, ko zazzaɓi ya zo, asibiti a daren, ba sai gobe ba, kuma ka gaya musu ruwan teku ka shiga.

Baban Hanifa:
Subhanallah. Ban taɓa jin wannan ba, ga shi kuwa ina da suga. Na gode Hajiya.

Abban Sadik:
Salam. Ni daga Corpus Christi nake, kuma na yarda da Injiniya a kan na bisa da batun nauyi, amma na san inda zai nufa, cewa zai yi a sayi na filafili. A nan muka rabu. Baban Hanifa, ka nemi mai feda, ko da na hannu ne. Tun 1997 Hobie suka fito da fedar nan mai fikafikai biyu a ƙasa, yanzu kuma kamfanoni irin su Old Town suna yin mai farfela, wadda in ka juya ƙafa baya jirgin ya koma baya. Amfaninta a fili yake. Hannunka biyu suna kan sandar fatsa, ƙafa na tuƙi. Ka kama kifi iska na tura ka kan ƙumba, mai filafili sai ya zaɓa, ko ya riƙe sanda ko ya riƙe filafili. Ni kuwa ina fama da kifin ina ja da baya. Ga shi ƙafa ta fi hannu ƙarfi nesa ba kusa ba. Garinmu iska ce sana'arsa, da rana ta ɗaga sai ta taso daga kudu maso gabas. Na sha dawowa ina fuskantarta in wuce masu filafili suna haki ba sa gaba.

Injiniya:
Alhaji, ban ƙaryata ko ɗaya ba. Amma ka duba inda ya ce zai shiga. Lungunan ciyawar bayan Galveston wani wurin ruwan bai kai gwiwa ba, wani wurin iya idon sawu, kuma nan jan kifin ke kiwo har ka hango wutsiyarsa a waje. A irin wannan ruwa dole ka zare fedar ka ɗora a gabanka, ka koma filafili da jirgi mai faɗi da nauyi wanda ba don filafili aka ƙera shi ba. Sannan feda inji ce, da sarƙa da waya da ƙusoshi, gishiri kuma ba ya raga wa ƙarfe. Sabon shiga da ya sayi ta hannu bai san abin da zai duba ba. In ta tsinke masa mil biyu daga mota fa?

Abban Sadik:
Shi ya sa ba a fita ba filafili ko da feda. Kuma sababbin fikafikan suna lanƙwashewa da kansu in sun bugi ƙasa. Wanki kuwa minti biyar ne da tiyo.

Injiniya:
A hawa na biyu ina zai samu tiyo? Kuma Outback, mai fedar nan na Hobie, da kayansa ya kusa kilo 47. Wilderness Systems Tarpon 120, na filafili, bai kai kilo 30 ba. Wannan tazarar a kan rufin Camry ba ƙarama ba ce.

Abban Sadik:
Wannan kam na sallama. Amma ku rubuta ku ajiye, in harkar ta shiga jininsa, shekara biyu zai nemi mai feda.

Injiniya:
Ya nema lokacin, ya san ruwan, ya san abin da yake so. Na filafilin kuma ba ya kwantai, zai sayar ba tare da asara mai yawa ba.

Kawu Basarke:
Assalamu alaikum 'ya'yana. Jikana ne ke karanta mini maganganunku yana rubuta nawa. Ni a Yawuri aka haife ni, su muka gada kaka da kakanni, ban taɓa ganin teku ba, jirgin roba kuma a hoto kawai na gan shi. Amma ruwa ruwa ne, iska ma iska ce. Abu biyu zan faɗa wa mai tambaya.

Na farko, kada faɗin jirgi ya ruɗe ka. Jirgi mai faɗi gajere yana da daɗin zama a bakin gaɓa, ka ji kamar kana kan tabarma. Ka bari iska ta taso, sai ya koma ƙwarya, ka tuƙa dama ya juya hagu, ka tuƙa hagu ya juya dama. Dogo siriri shi ke yanka ruwa ya tafi inda ka nufa. Da farko zai riƙa rawa da kai, wannan rawar ta kwana uku ce, ƙugunka zai saba.

Na biyu, ranar da mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya fara ba ni kwale-kwale, bai ba ni koma ba, bai ba ni ƙugiya ba. Ya kai ni inda ruwa ya fi ƙarfin tsayina ya kifar da jirgin da hannunsa, ya koma gefe yana kallo. Sai da na juya shi, na girgiza ruwan ya fita, na hau. Ya sake kifarwa. Ranar sau bakwai muka yi. Ya ce wanda bai san hawa jirgi daga cikin ruwa ba, baƙo ne a jirginsa. Kai da ka ce ba ka iya ruwa sosai ba, wannan shi ne karatunka na farko. Duk jirgin da ka kasa hawa daga cikin ruwa, ba naka ba ne, komai kyansa.

Injiniya:
Allah ya ƙara wa Kawu lafiya da nisan kwana. Abin da masu koyar da tuƙin kayak ke karɓar kuɗi su koyar ke nan. A lissafin nan, dogon da Kawu ke nufi shi ne ƙafa 12 zuwa 14, faɗi kuma inci 30 zuwa 33. Ƙasa da ƙafa 12 a tafkin Galveston wahala ce. Mutane na raina tafkin don zurfinsa a tsakaice bai wuce ƙafa 6 ba, amma rashin zurfin ne ke sa igiyarsa ta zama gajera mai sara, tana zuwa a jere ba hutu.

Baban Hanifa:
Na gode Kawu, Allah ya saka da alheri. Injiniya, na ga an rubuta a jikin wasu cewa suna ɗaukar kilo 150 ko 160. Tunda ni 95 ne, ai duk sun ishe ni ko?

Injiniya:
Lambar nan iyakar abin da zai ɗauka ne bai nutse ba, ba inda zai yi tafiya mai daɗi ba. Ni ƙa'idata kada kai da kayanka ku wuce kashi 70 cikin 100 na abin da aka rubuta. Ka haɗa kanka da akwatin ƙanƙara, ruwan sha, anka, sanduna, kayan ƙugiya, za ka kai kilo 110. Ke nan mai ɗaukar 160 shi ne daidai, kada ka yi ƙasa da haka. In ka yi masa lodi fiye da kima, ruwa zai riƙa ɓullowa ta ramukan nan, ka wuni zaune cikin ruwa. Tarpon 120 yana nan wajen, Perception Pescador Pro 12 ya ɗan fi shi ɗauka, kujerarsa kuma a ɗage take. Akwai Ocean Kayak Prowler 13 in ka samu na hannu, tsohon yayi ne amma yana gudu.

Na Durban:
Salam alaikum. Ina bin zancen da sha'awa, domin mu a nan Afirka ta Kudu harkar daban take. Mu ba mu da tafki mai kwanciya, daga rairayi kai tsaye muke fuskantar raƙuman ruwan tekun Indiya. Shi ya sa jiragenmu dogaye ne, mita huɗu da rabi zuwa biyar da wani abu, da zaren gilas ake yin su ba roba ba, irin waɗanda kamfanin Stealth na nan garin ke ƙerawa. Suna da rami dogo a tsakiya da murfi, nan ake zura sanduna kafin a keta igiyar ruwa, nan kuma ake ɓoye kifi don jininsa kada ya jawo kifin shak. Kujerar nan mai tsayi da ake yayi a Amurka, a bakin tekunmu igiya ɗaya za ta wuntsila mai ita. Abin da nake so Baban Hanifa ya ɗauka shi ne kada ya kalli bidiyon mutanen wani ruwa ya sayi jirginsu. Namu in ka kai shi kan ƙumbar Galveston zai tsage, naku in ka kawo nan ba zai ƙetare igiyar farko ba. Kuma ranar da zuciya ta ce maka ka gwada gaban teku da jirgin tafki, ka ce mata a'a.

Injiniya:
Haka ne. Roba ta fi dacewa da mu, ƙumba na kankare ta amma ba ta fasa ta da wuri. Tunda an zo nan, wurare biyu ka yi nesa da su. San Luis Pass, wato mashigar da ke ƙarshen tsibirin ta yamma, ruwan wurin na ja kamar kogi lokacin da teku ke cika ko janyewa, ya ci mutane da yawa. Sai hanyar manyan jiragen dakon kaya da ke zuwa tashar Houston. Jirgi zai wuce can nesa ka manta da shi, bayan wasu mintuna igiyarsa ta iso ta tashi tsaye a kan ruwa mara zurfi.

Ɗan Agege:
Ni fa jama'a ina ganin an cika tsorata bawan Allah. Mu nan Legas kullum muna ganin masunta a kan tafki cikin kwale-kwalen katako, ba riga ba komai, har da yara, suna wucewa ta ƙarƙashin gadar Third Mainland lafiya lau. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ya sayi jirginsa ya yi bismilla ya shiga.

Maman Yusra:
Malam, yaran nan a kan ruwa aka haife su. Mutumin nan da bakinsa ya ce bai iya ruwa ba, ga iyali.

Kawu Basarke:
Ɗana na Legas, ka yi haƙuri in gyara maka. Mu da muka gaji ruwa mun fi kowa binne waɗanda ruwa ya ci. A 2021 jirgi ya kife a kogin Kwara wajen Warrah, nan ƙasar Kebbi, mutanen da suka rasu ranar ba su ƙirguwa da yatsu, galibinsu mata da 'yan kasuwa masu neman abinci. Da akwai rigar ruwa a jikinsu da yawa sun kai gaɓa. Na san gwanayen ninƙaya da suka tafi, don gefen jirgi ya bugi kansu, ko koma ta naɗe musu ƙafa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Rigar nan ita ce igiyar raƙumin.

Ɗan Agege:
Na karɓi gyara Kawu. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Gaskiya mu ma yanzu ba a barin mutum ya hau jirgin haya a tashoshin gwamnati sai da rigar.

Injiniya:
Amin. A Texas ma doka ce, kowane mutum a kan kayak sai da rigarsa a jirgin, yaro ɗan ƙasa da shekara 13 kuma dole tana jikinsa. Amma Baban Hanifa, kai a jikinka za ta zauna daga hawa har sauka. Rigar da ke ɗaure a bayan kujera ba ta da amfani ga wanda ya riga ya faɗa, iska na tafiya da jirgi fiye da saurin ninƙayar mutum. Ka sayi irin ta masu kayak, wadda kumfar bayanta ke sama don kada ta tokare kujera, da aljihuna a gaba. Usur a jikin rigar. In za ka fita kafin gari ya waye, sai da farar fitila.

Don haka kada ka zuba dala 1,500 duka a jirgi. Ka nemi na hannu a dala 600 zuwa 800. Sauran na riga ne, da filafili mara nauyi, da kariyar saman mota da igiyoyinta, da 'yar keken jan jirgi zuwa bakin ruwa. A kan filafili kada ka yi rowa, sau dubbai za ka ɗaga shi a wuni ɗaya, na ƙarfe mai arha zai kashe maka kafaɗa. Ka ɗaure shi da igiya a jirgin. In kuɗi ya ragu, ka sayi oba-oba ta ruwa, tasha ta 16 ita ce ta neman agaji, masu gadin teku na saurare dare da rana. Waya in ta jiƙe ko hannu ya jiƙe ba ta da tabbas.

Abban Sadik:
Ka ƙara da lasisi. Ka sayi na hukumar gandun daji da namun daji ta jihar, wato Texas Parks and Wildlife, mai haɗe da izinin ruwan gishiri. Jan kifin da kake so, uku ne a rana, tsawonsa daga inci 20 zuwa 28, don haka ka tafi da abin awo. Kifin nan mai faɗi da ke kwanciya a ƙasa, mai idanu biyu a gefe guda, an hana ɗaukarsa daga 1 ga Nuwamba zuwa 14 ga Disamba. Dokokin suna canjawa, ka riƙa dubawa duk shekara. Kayak ba ya buƙatar rajista, amma ranar da ka maƙala masa inji, ko ɗan ƙarami mai batir ne, sai ka yi masa.

Kawu Basarke:
A mayar da ƙaramin kifi ruwa, wannan doka ce mai kyau. Da mu ma mun riƙe ta da giwan ruwa bai yi wuya haka ba.

Maman Yusra:
Injiniya bai faɗi kunamar ruwa ba. Suna da yawa a tafkin, suna kwance cikin laka. In ka sauka daga jirgi kada ka ɗaga ƙafa ka taka, ja za ka riƙa yi a ƙasa don su ji motsi su gudu. Maigidana ya taɓa shan harbinta a agara, na ga babban mutum yana hawaye. Ruwan zafi daidai yadda fata za ta jure shi ke rage zafin kafin a kai asibiti.

Baban Hanifa:
Kai, alhamdu lillahi da na tambaya kafin in saya. Saura abu biyu. In na je ganin na hannu me zan duba? Sannan maganar ajiya har yanzu ban ga mafita ba.

Injiniya:
Ka kifa shi ka duba ƙasan wutsiya, nan ne ke cinyewa in mai shi yana jan sa a kan siminti. Ka danna da babban yatsa, in ya yi laushi kamar galan ka bar shi. Ka haska tocila cikin ramukan zubar ruwa, tsagewar wurin ita ce mafi muni don ba a ganinta kuma gyaranta wuya. Ƙarce-ƙarce a ciki ba komai ba ne. In launin ya koɗe ya yi fari-fari, ya sha rana, robar ta fara gautsi. Ka duba ƙusoshi ko sun yi tsatsa. In mai shi ya yarda, ku zuba ruwa a cikinsa ku ga ko zai ɗiga. Ka duba lambar da aka buga a jikinsa ta wajen wutsiya, lambobi biyun ƙarshe su ne shekararsa, kuma in an kankare ta kada ka saya. A ƙarshe ka ɗaga shi da kanka a gaban mai shi ka ɗora a mota. In ka kasa ranar, ba za ka iya gobe ba.

Ajiya kuwa, akwai wuri a garejina. Ka kawo, tiyo ma yana nan.

Baban Hanifa:
Allah ya bar zumunci Injiniya. Ban san da bakin da zan gode ba.

Baban Hanifa:
Jama'a na dawo da labari bayan mako uku. Na samu Tarpon 120 na hannu wurin wani dattijo da ciwon baya ya hana shi fita, dala 650 har da filafili. Jiya muka je gandun gwamnati na tsibirin Galveston da Injiniya, ta ɓangaren tafki. Kafin in taɓa sanda ya kai ni wurin da ƙasan yashi ne, ya sa na kife kamar yadda Kawu ya ce. Karo na farko na kama gefe na ja, jirgin ya sake kifowa a kaina. Na biyu aljihun rigar ya maƙale a gefe. Na uku ya ce in bar ƙafafuna su taso baya kamar mai ninƙaya, in miƙa hannu in kama ɗaya gefen, in ja cikina ya hau tsakiya, sannan in juya in zauna. Sai ga ni a sama. Mun maimaita sau biyar. Daga baya na kama jan kifi ɗaya, inci 18, na ga ɗigon nan baƙi a wutsiyarsa da idona, na mayar da shi. Kawu, rawar da ka ce ta kwana uku, kafin awa biyu na daina jin ta. Abin da ya dame ni kawai, in na tsaya jefa fatsa iska na juya ni.

Kawu Basarke:
Madalla ɗana. Ka samu gora ka riƙa kafewa a laka, haka muke yi.

Injiniya:
Akwai sandar da ake sayarwa don haka, ina da guda biyu, zan ba ka ɗaya. Za mu ɗaura maka igiya mai zagaye a gefen jirgin don ka riƙa matsar da maɗaurin gaba ko baya, kada ka taɓa ɗaure anka a tsakiya inda igiyar ruwa za ta buge ka ta haƙarƙari. Asabar in Allah ya kai mu zan duba hasashen iska tun daren Juma'a, in ta haura mil 15 a awa mun fasa. In ta kwanta, mu yi asuba a gidana mu kama hanya, mu fara tuƙi muna fuskantarta don ta turo mu a dawowa. Ka gaya wa Maman Hanifa inda za mu shiga da lokacin fitowa, ka taho da takalmin.

Abban Sadik:
In kun sa rana a watan gobe ku faɗa mini, zan taho da mai fedar ya gwada.